Mushe Alƙasim da Ƙyauren Fatsima

A Tamaske, in tsofaffi suka tuna Mushe Alƙasim, wato Malam Alƙasim a bakin Faransanci, ba sa farawa da iliminsa. Da bayan rigarsa suke farawa. Ran da Bature mai duba makarantu ya zo daga Tawa, cikin damanar 1938, Mushe ya jingina da allon bango, ya tashi da bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Farar rigarsa ce ta Nasara, ita kaɗai gare shi, Fatsima matarsa ta kwana biyu tana lallashinta da dutsen guga.

Alƙasim ɗan manoma ne. Lokacin da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro a kai lakkwal, makarantar boko, masu gari suka ɓoye nasu, aka tura shi. Ya tafi yana kuka, ya dawo daga Yamai da takarda a hannu da Faransanci a baki, amma aka ce baƙar fata iyakarsa mataimakin malami. Aka ba shi rumfar kara da yara, aka ce ya koya musu ƙidaya da noman lambu, ya ishe su.

Shi kuwa bai ishe shi ba. So yake yaransa su je Tawa su zauna jarrabawar satifika, kuma an faɗa masa rumfar da ba ta da allon bango ba a lissafa ta cikin makarantu. Ya taka har Madawa neman allo. Guda ɗaya ne ya zo, aka ce, yana gidan kumandan, Baturen mulki, ana koya wa 'ya'yansa biyu karatu.

Da ya dawo sai ya cire ƙyauren ɗakin Fatsima, na katako, wanda duk unguwa ake zuwa kallo. Ya kankaro baƙin tukunya, ya dama da ƙaro kamar yadda malaman allo ke haɗa tawada, ya shafe ƙyauren da shi. Da rani abin ya yi kyau. Abin da ya manta shi ne tawada da laimar damana ba sa shiri.

Ran da Baturen ya zo, an kwana ana ruwa. Bature ya zauna, ya yi ta jefa wa yara tambaya, suna amsawa. Mushe kuwa yana manne da allo tun farko har ƙarshe, zufa na zuba, bai motsa ba. Sai da Bature ya fita, Mushe ya juya rakiya, yara suka ga bayansa, suka fashe. Baturen ma ya yi dariya har ya cire hula. Amma kafin ya hau doki ya ce a kawo masa yara huɗu Tawa in an yi girbi.

Daga nan yaransa suka fara fita, ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zama malamai, wasu ma'aikatan likita. Allon gaske bai iso Tamaske ba sai bayan yaƙin duniya, lokacin idon Mushe ya soma hazo. Fatsima kuwa ta shekara da shekaru da asabari a ƙofa, tana faɗa wa duk wanda ya shigo.

Yau ba rumfar, ba ƙyauren, sai 'yan tsofaffin da har yanzu ke tuna muryarsa da safe yana koyarwa. Rigar dai ba ta taɓa wankuwa ba, kuma ya ci gaba da sa ta. Ɗanmaraya, taubashinsa, bai taɓa barinsa ya huta ba. Wata rana a kasuwa ya tare shi.

"Mushe Baƙin Baya! Duk karatun Yamai ba a koya maka tsayuwa da ƙahwahunka ba? Mi ya kai ka jingina da tawada?"

Mushe ya yi murmushi, ya shafa kafaɗar rigar.

"Ɗanmaraya, ba ni na jingina da allon ba, shi ya jingina da ni. Ruwa ya cinye ƙasar da munka kahwa shi, hwaɗuwa za shi yi gaban Nasara. Da na matsa taki ɗaya, da har yau ɗiyanka lambu sunka sani."