Tarwaɗa Mai Jin Fulatanci

A wurin ɗaurin aure a Jambutu abokina Dakta, masanin harshe, ya miƙo mini wayarsa. Farfesa yake son zama, kwamiti kuma yawan masu ambaton bincikensa yake dubawa.

Na gyara tabarau. Ta farko a jerin masu ambatonsa takarda ce kan kiwon tarwaɗa a Vinikilang, wai ta kafa hujja da aikinsa kan nahawun Fulatanci. Marubucin ƙanin matarsa ne.

Na ce, "Dakta, tarwaɗa ma ta fara jin Fulatanci?"

Ya karɓe wayarsa. "Haɗin gwiwa ke nan, Malam. Kai ma ka tuna da ni a taka takardar."

Tawa kan kwale-kwalen Binuwai ce, kuma tun firamare muke tare. Jama'a, in saka shi, ko in bar shi ya tsufa a Dakta?