Gaiwar Inna

Innata 'yar gulbi ce da aure ya kai ta tudu. A Kalgo aka haife ta, gidan masunta, ta ƙare a Gwandu gidan masu shanu, inda nono ba ya yankewa amma kifi sai busasshe na kasuwa, shi ma tana ci tana kushewa. Da aka yi hutun makaranta aka ce in je wurin kawu, yayanta, sai ta tsayar da ni a zaure ta ce, "In za ka dawo ka taho min da gaiwa, ko guda ta. Wadda kat tono da hannunka nika so." Na amsa da ƙarfi, alhali ban taɓa ganin gaiwa ba.

Bazara ce, gulbi ya ja baya ya bar fadama ta tsattsage. Can yaran unguwa suke yini, ƙanana suna tonon bado, wasu suna harbin tsuntsaye da danƙo, manya kuma suna neman gaiwa. Kifi ne da idan ruwa ya janye yake shigewa cikin laka ya kwanta har damina, ya bar ɗan rami kamar na yatsa yana shan iska. Wannan ramin ake nema.

Jagoran yaran ɗan kawu ne, taubashina, ya girme ni kuma ya fi ni ƙashi. Tun da taubasai muke, duk abin da ya yi mini wasa ne, in na yi fushi ni ne marar tarbiyya. Ya kuwa ci wannan gajiyar son ransa. Sai ya riga ni zuwa ya huda ƙasa da ƙusa, ya nuna mini, in duƙufa da fartanya a tsakar rana, su kuma suna ƙarƙashin giginya suna ba ni ƙwarin gwiwa. Sai rami ya kai mini gwiwa su fashe da dariya. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ya sake yin wani. Na tsane shi, ba kaɗan ba.

A haka idona ya buɗe. Na gane ramin ƙusa bakinsa a farfashe yake, na gaiwa kuwa sumul. Ana saura kaɗan hutu ya ƙare na ga na gaskiya, a gefen wani busasshen kududdufi, ba kowa kusa. Murna ta sa na ɗaga murya na ce su zo su gani. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a fadamar nan rami ba na wanda ya gani ba ne, na wanda ya kafa masa kara ne. Taubashina ya zo a hankali, ya leƙa, ya ce lallai gaiwa ce, in tona. Na tona har la'asar. Ta fito a naɗe cikin wata fata kamar tsohuwar leda, doguwa, tana wani ɗan kuka. Sai a lokacin ya nuna mini karan dawar da ya soka a bayana tun ina duƙe.

Ni ya ɗora wa ita a ka har gida. Na kai ƙara wurin kawu ina shessheƙa, yana gyaran komarsa ta kamun kifi bai ko ɗago ba.

"Ka kahwa kara?"

"Ban sani ba ana kahwawa, kawu."

"To yanzu ka sani. Kuma namiji ba shi kuka don taubashi nai ya taɓa shi."

Matarsa ta yanka ta, ta yi bandarta, aka ci rabi a gidan. Ranar komawata kawu ya ƙulle sauran a takardar siminti, ya ba ɗan kabu-kabun da zai kai ni, da saƙon baki: ga abin da yaronsa ya kamo wa gwaggonsa.

Saƙon ya riga ni shiga gida, don tun ina sauke kayana ɗan kabu-kabun ya isar da shi. Inna ta kwance ƙullin, ta shinshina, fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa jawo mata ba. Ta yi ta sa wa ɗan yayanta albarka. Na ce mata ni na gani, ni na tona, na miƙa mata hannuwana ta duba.

Ta dube su sama-sama ta ce, "Rashin kamu ba laihi ba na, gidanku ba a san ruwa ba. Amma ƙarya kam kak ka koya min ita."

Washegari ta ɗura man shanu a kwalba ta ajiye a kan randa, ta ce tukuicinsa ne, in an yi hutu na gaba ni zan kai masa.