Rabon Auta a Bakin Tsiro

Ni mace ce mai ƙyanƙyami, kowa a gidanmu ya sani. Ƙuda ya sauka a bakin kofi, na haƙura da shayin. Amma da ƙanena, autanmu, ya tashi tafiya karatu ƙasar waje, bai ga wanda zai bar wa tsironsa mai cin ƙwari ba sai ni.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tsafe, kuma daga Legas ya sayo abin. Akwati ne na gilashi mai murfi, a ciki an shimfiɗa gansakuka, tsiron na zaune a kai. A ƙarshen kowane ganye akwai ɗan tulu ja-ja mai leɓe da marfi, da wani ruwa mai yauƙi a ƙasansa. Ƙwaro ya faɗa, tulun ya narkar da shi. Tun ranar farko abin bai kwanta mini ba.

Auta ya jero mini dokoki a falona a Gusau. Ruwan sama kawai, ban da na burtsatse. Ban da taki. Haske ban da rana tsaka. Kada a ba shi komai, zai kama abinsa da kansa. Inna tana zaune a kan tabarma, don tun rasuwar Baba ta baro Kwatarkwashi ta dawo wurina. Ya juya yana tsokanarta: "Inna, ga jikanki nan na bar miki. Nama yake ci, kamar ubansa." Ta ce Allah ya shirye shi. Ni kuma ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, amana. In dawo in same shi da rai."

Na riƙe amanar, duk da tsakin da nake yi. Ruwan saman da ya bar mini a jarkoki na yi ta lallaɓawa har ya kai mu damina. A bazara, da zafi ya yi zafi babu wuta, zane nake jiƙawa in lulluɓe gilashin. Tsiron ya tsallake bazara lafiya lau. Sai da ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, lokacin da ya kamata ya sake, sannan ya fara lalacewa. Bayan babbar Sallah ne da 'yan kwanaki.

Leɓen tulu ɗaya ya fara yin baƙi, sai na biyu. Na ɗauki hoto na aika wa Auta. Ya ce wataƙila haske ya yi yawa, na janye akwatin daga taga. Ya ce ko saiwa ce ta ruɓe, na zazzage gansakukar na duba, saiwa lafiyarta ƙalau. Kawunmu ya zo daga Bungudu, ya leƙa ya ce yunwa ce, duk shukar da ba a ba ta kashin awaki ba ai wasa ake yi. Da ƙyar na hana shi aiko mini da buhu.

Sai wari ya fara. Da farko na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan kujera. Na fitar da kujerun tsakar gida, na wanke ɗakin, na yi turaren wuta har ido na yaji. Warin na nan, sai ma ya gauraye da turaren ya zama wani abu da ya fi na da muni. Ranar da na ɗaga murfin akwatin don in fesa ruwa, ɗoyin ya daki fuskata, na yi baya har na bugi bango.

Na ɗaure hanci da ɗankwali, na ɗauko hantsaki, na zura cikin tulun da ya fi baƙi. Abin da na zaro tsokar nama ce, ta yi kore, ta narke, kitse na ɗiga. A ƙasanta tsutsotsi farare suna ta motsi a kan juna. Na ruga bayan gida na yi amai. Da na dawo na duba sauran, kusan kowane tulu da nasa: wani hanta, wani soyayyen nama da mansa da yajinsa. Wallahi har yau in na tuna sai yawu ya taru mini a baki.

Na yanke tulunan da suka ruɓe da almakashi, na binne su a bayan gida, na wanke hannuna da toka da sabulu har fata ta yi ja. Tulu ɗaya ya rage, ƙarami, wanda bai daɗe da buɗe baki ba. Na faɗa wa Auta a waya. Ya ce tsiron ba ya iya narkar da kitse da gishiri, ruɓewa yake. In wannan tulun ma ya tafi, da wuya tsiron ya tashi.

Washegari da hantsi na dawo daga kasuwa da wuri, na tarar da Inna durƙushe a gaban akwatin, murfi a buɗe, ƙwaryar naman layya a gefenta. Tana yagar tsoka ƙanana-ƙanana da farce.

"Inna! Ashe ke ce?"

Ko razana ba ta yi ba. "Mi nay yi? Rabon Auta na. Kowa ya ci layya, shi yana can wurin da ba a san ko wa ka yanka musu ba."

Na ce, "Inna, kashe shi kike yi. Tsutsa na kwasa jiya da hannuna." Muryata ta fi ƙarfin yadda ake yi wa uwa magana, na sani, amma warin yana hancina har lokacin.

Ta dubi naman da ke hannunta. "Shi yac ce nama yaka ci. Ba ni iya aika mishi can. Wanga kau yana gabana, baki buɗe." Ta mayar da tsokar cikin ƙwarya, ta goge yatsunta da bakin zane, ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Haushi da tausayi suka haɗe mini, na rasa wanda zan bi. Da la'asar na shiga na zauna kusa da ita, na ce in dai dole sai ta ciyar da shi, to ƙuda yake so, shi ma jefi-jefi. Ta yamutsa fuska ta ce tir, wane irin jika ne wannan. A wurinta na gaji ƙyanƙyamin, ta ma fi ni.

Ranar Juma'a na fito daga kicin na gan ta a tsakar gida da mafici, tana bin ƙuda a hankali. Ta buge shi, ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta miƙe hannu nesa da jikinta, fuska a murtuke kamar za ta yi amai. Ta ɗaga murfin, ta yi bisimillah, ta saka shi a bakin ɗan tulun.

"Ci, ɗan nema," ta ce. "Ubanka na dawowa."