Faifan da ban ɗanɗana ba

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar sadakar ukun yayana a Filinge. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, lokacin ina aikin sakatariya a Yamai, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko.

Yayana ya rasu ba zato, ciwon ciki ya kwantar da shi bai tashi ba. Ya bar ƙananan yara, babbarsu ba ta daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. A hanyata ta zuwa gida motarmu ta tsaya Baleyara, na hangi mai sayar da faifan sidi. A bangon wani faifai an zana yara masu dara-daran idanu da gashi kala-kala suna dariya. Na saya ban tambayi komai ba, don a wurina duk abin da aka zana na yara ne.

Ranar sadaka gida ya cika, yara sai rigima suke tsakanin masu gaisuwa. Na kwashe su zuwa ɗakin maƙwabta, na sa musu faifan a tele, wato talabijin, na jawo ƙofa. Shiru kake ji. Har maƙwabciyar ta ce, "Kai, 'yan Yamai akwai dabara!" Wallahi kaina ya kumbura.

Da aka kwashe tuwo, mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta aika a kira su. Babbar ce ta fara shigowa. Inna ta miƙa mata kwano tana murmushin ƙarfin hali, irin na wadda ta rasa ɗa. Yarinya ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta.

"Ban ci. Kaka, ba ke kib ba Baba tuwo ran da yam mutu ba?" Ta waiga ta dubi matan da ke zaune. "Cikin tele ma, mai murmushin ita ka kashe su."

Mata suka ɗauki salati. Inna ta sandare da kwano a hannu, ni kuwa na ruga ɗakin nan. Faifai na nan yana juyawa. Wata tsohuwa mai fara'a tana zuba wa baƙi abinci, ga jini faca-faca a bango, ga yaran nan masu dariya ana jan ɗayansu a ƙasa. A kowane kashi sai wani ya mutu, saura su zauna suna zargin juna da faransanci, kuma ɗan abin da yarinyar ta koya a lakwal ya ishe ta ganewa. Daga baya na ji cewa a Japan ake yin irinsa, don manya masu taurin zuciya. Shi na kunna wa marayu, na rufe musu ƙofa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Kwana da kwanaki yarinyar nan ba ta karɓi abinci a hannun kowa ba, har wuyanta ya fito. Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama take yi da jikarta, ta gutsiri loma ta ci rabi a gabanta, sannan ta miƙa mata sauran. Tsohuwar da ko ruwa da ƙyar yake wuce mata saboda baƙin ciki, haka ta riƙa tura tuwo don a yarda ba ita ta kashe ɗanta ba.

Sai ranar da zan koma, ina ɗaure kaya, Inna ta ce a hankali, "Ɗiyata, ko hura ce sai na kurɓa kahin in ba yaro. Wanga abu naki, kin ɗanɗana shi?"

Na duƙufa kan kayana, na ci gaba da ɗauri.

Yarinyar ta girma, har tsokanata take yi da zancen, ni kuwa har yau dariyar ba ta zuwa mini. Na koyi cewa ido ma ci yake yi kamar baki, kuma shirun yaro ba kullum ne lafiya ba. Tun daga ranar, abin da ban ɗanɗana ba ba na miƙa wa ɗan kowa.