Saƙon Juma'a zuwa ga 'Yar Fari

Ban taɓa faɗar sunan 'yata ta fari ba. Ranar da aka raɗa mata shi da kunne na ji, bakina bai maimaita ba. Haka na ga uwata tana yi wa yayanmu, haka na yi. In zan kira ta "ke" nake cewa, in zancenta ya taso in ce "waccan". Ta tashi ta tarar da haka, ba ta taɓa ɗaukarsa ƙi ba.

Tana budurwa, bayan ta yi nisa a makaranta, sanƙarau ya kama ta. Ta warke, amma kunne ya tafi. Magana tana yi, ji ne babu. Yanzu tana aure wajen Ungogo, mu muna nan ƙauyenmu ta bayan Tofa. Kowace uwa a unguwar nan waya take kara wa kunne ta ji 'yarta. Tawa sai da rubutu, ni kuwa ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba.

Da can ƙaninta ke rubuta mini saƙo duk Juma'a. Da ya koma aikin gini a birni, sai ya bar wa matarsa waya, ya nuna mata wani abu a ciki da suke ce wa Eyai. Ana yi masa magana da baki, shi ya mayar rubutu ya tsara. Matar ɗan nawa tana karatu a hankali, rubutu ke ba ta wahala, don haka abin ya yi mata daɗi. Ni dai bai kwanta mini ba.

Daminar bara ce. Waccan tana da ciki wata bakwai, likita ya hana ta hawa abin hawa. Wata Juma'a na ce a gaya mata an gama maimai a gona, akuya ta haihu, kuma kada ta ɗaga jarkar ruwa. Na koma kan tandata, don waina nake sayarwa. Ban ce a karanta mini ba. Wannan laifina ne.

Washegari kafin azahar na ji adaidaita a ƙofar gida, taɓo har saman taya. Sai ga ta ta shigo tana riƙe da ƙugu. Ta kama fuskata da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba, tana leƙa idona.

"Inna, wace cuta ce? Me kuke ɓoye mini?"

Ta miƙa wayarta, matar ɗana ta karanta. Da sunanta aka fara, gatsau, wai daga bakina. Sai "sanyin idona", sai "abar ƙaunata". A ƙarshe har da in na taɓa ɓata mata rai ta yafe mini. Macen da ta san uwarta, ta ga wannan, me za ta ɗauka in ba wasiyya ba?

Na juya wajen matar ɗana. "Ke, me kika ce masa?"

"Cewa na yi ya rubuta wa Yaya saƙo mai daɗi daga mahaifiyarta, sai na faɗi sunanta."

"Mai daɗi. Tun da kika zo gidan nan kin taɓa jin na yi magana mai daɗi?"

"Wallahi Inna ban taɓa ji ba."

Ba wanda ya yi dariya, don waccan ta fara cije leɓe, bayanta ya riƙe. Kwana biyu ta yi a kwance a ɗakina kafin mijinta ya zo ya mayar da ita a hankali. Da za ta fita ta tsaya a zaure ta ce, "Daga yau in saƙo ya zo, ta yaya zan san ke ce?"

 Wata biyu ya rage ta haihu, kuma rubutun nan shi kaɗai ne hanyar da maganata ke isa gare ta. In ta daina yarda da shi, ranar da zan ce ta tafi asibiti ma ba za ta ji ba. Na tambayi matar ɗana ko abin zai tuna kuskurensa. Ta ce ba ta da tabbas, yadda aka gaya masa ranar haka yake yi. Ashe duk Juma'a wata uwar daban zai ƙera, gwargwadon yadda bakin mai riƙe da waya ya faɗo.

Ina gaban tanda abin ya zo mini. Ƙullun yau ba na jiya ba ne, amma wainata ba ta canja girma, saboda gurbin bai canja ba. Na kira matar ɗana na ce ta kawo wayar, za mu yi masa bayani sau ɗaya, mai kyau, a ajiye, duk Juma'a shi za a fara ba shi.

Na ce a gaya masa mai maganar tsohuwa ce da ba ta wasa. Muka gwada da zancen jarka. Sai ya rubuto faɗa kamar na kama ta da sata. Na ce a goge, wannan ma ba ni ba ce. Ya daina ƙoƙarin kwaikwayon halina, ya riƙe kalmomina kawai. Muka sake. Wannan karon ya ƙara da cewa kowa lafiya, alhali ban faɗa ba, kuma ranar maigida na fama da ƙafa. Muka ƙara masa doka. Sai la'asar muka gama, matar ɗana tana ta cewa ko alƙali bai kai ni bincike ba.

Ga abin da ya zauna, na haddace shi: Wannan saƙon uwa ne zuwa ga 'yarta ta fari. Kada ka ambaci suna, ka fara da "ke". Kada ka yabe ta, kada ka nemi yafiya, kada ka ƙara addu'ar da ba a faɗa ba. Ka cire maganar da tsohuwa ta yi da kaji ko masu sayen waina. Abin da ba ta faɗa ba ka bar shi. Daga nan sai gurbi huɗu: lafiyar gida, labarin gona, abin da za ta yi, abin da nake tambaya. Matar ɗana ta ajiye shi a wayar, duk Juma'a ta ɗauko ta liƙa, ni in cika guraben da baki. Kuma ba a turawa sai an karanta mini sau biyu.

Muka tura na farko. Asabar shiru, Lahadi shiru. Duk ƙarar injin da na ji a hanya sai na leƙa zaure. Litinin da hantsi matar ɗana ta zo da gudu ta karanta mini amsa: "Wannan kam Inna ce. Na daina ɗaga jarkar."

Ranar da mijinta ya aiko cewa naƙuda ta fara, an tafi asibiti, ba Juma'a ba ce, amma na ce a ɗauko wayar. Na cika gurbin gida, na cika na gona. Da muka zo na uku na fara da "ke" har sau biyu, ban wuce nan ba. Matar ɗana ta dube ni ta rage murya.

"Inna, ko in cire dokar, yau kaɗai?"

Na so. Amma na tuna fuskarta a zaure, na san in ta ga kalma mai taushi a kan gadon nan za ta ce an gaya mini wani abu da ba a gaya mata ba.

Na ce, "Bar ta. A ce ta bi abin da aka ce mata, ta sha ruwa. A gurbin tambaya a ce wane zane take so in taho da shi."

Aka karanta mini sau biyu, aka tura. Na zauna kusa da wayar, tanda ta huce. Bayan la'asar amsa ta zo: ta sauka, mace ce, kuma in taho da shuɗin.