Ɗakin Kaset na Baffana

Lokacin da abin ya faru, Baffana ya yi shekara ashirin da shida a gidan rediyo, amma ko tarinsa masu sauraro ba su taɓa ji ba. Aikinsa naɗar duk abin da aka watsa, don sharaɗin lasisi ya ce a adana shi wata uku, ko hukuma za ta nema. Wata uku na cika, kowane gidan rediyo gogewa yake yi. Ban da Baffa.

"Muryar ɗan Adam ce fa," yakan ce. "In share ta kamar majina?"

Ɗakinsa na ƙarƙashin bene, ba taga, kantoci har rufi. Abokan aiki suna tsokanarsa da Sito. Ga shi da kunne. Masu bugo waya a shirin koke-koke ɓoye sunansu suke yi, kowa ya ce shi wani bawan Allah ne, amma Baffa na jin murya zai ɗauki fensir ya rubuta a bayan kaset: mai gyaran keke na bakin kasuwa, ungozomar asibiti. Ba da mugunta ba, wallahi. Son su yake yi. Babana, ƙaninsa, malamin firamare, kusan kullum sai ya bugo ya tambayi inda aka kai mutanen da ake kamawa.

Shekarar da lasisi ya ƙare, hukuma ta yi ta jan ƙafa wajen sabunta shi. Manaja ya tara ma'aikata ya ce abincin mutum arba'in na rataye da takardar nan, kowa ya kama bakinsa. Da jami'an bincike biyu suka zo, kaset na wata uku kawai suka tambaya.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa leƙa ɗakin nan ya ce masa sannu. Ganin baƙi da biro da takarda, sai daɗi ya kwashe shi.

"Ranka ya daɗe, wata uku kawai? Shigo ka ga aiki."

Babban cikinsu ya juya kaset ɗaya, ya karanta, ya yaba kyan rubutun. Washegari suka dawo da babbar mota.

Cikin mako guda lasisi ya fito. Cikin wata guda aka ɗauke mutum goma sha tara daga cikin masu bugo waya, ɗaya bayan ɗaya. Babana a gaban ɗalibansa aka fito da shi, da alli a hannu. Shekara huɗu ke nan.

Baffa na nan yana aiki. Yanzu ranar da wata uku ya cika yake gogewa, fensir kuwa ya daina taɓawa.

Kwanan baya Innarmu ta je gidansa, karo na farko tun abin.

"Yaya, auta ta manta muryar ubanta. Ko kaset ɗaya, ta ji."



"Ban rage ko ɗaya ba," ya ce. "Ni na taya su lodi."