Kwamfutar Kawu Iliyasu a Cikin Keji

Kawu Iliyasu ƙanin mahaifiyata ne. Yana koyar da lissafi a makarantar Islamiyyar ƙauyenmu, gabas da Gezawa, da rani kuma yana noman albasa a fadama. Ba shi da yawan magana. Ko a ɗaurin aure, can gefe yake zama yana gyara hularsa.

Da wata ƙungiya ta ba makarantar kwamfuta, shi aka damƙa wa, don shi kaɗai ya taɓa buga takardun jarrabawa. Saboda ɓarayi, kwamitin makaranta ya sa Dabo mai walda ya ƙera mata kejin ƙarfe, ya liƙe shi da bango, bai yi masa ƙofa ba. Maɓallin kunnawa da wayoyi kawai hannu ke iya kaiwa gare su. Sikirin da allon bugawa kuwa suna waje.

Sai aka shiga shekarar da fetur da masara suka gagari talaka. Mutane suna sayar da awaki, wasu har da kwanon rufin ɗaki. A lokacin ne kwamfutar ta daina tashi. In an kunna, sai baƙar fuska da layi ɗaya na Turanci, wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Wani ɗan kwamiti ya tambayo a birni, aka ce masa ƙila an cire rumbun ajiyar bayanan da ke cikinta, kuma abu ne mai shiga kasuwa. Nan take aka tuna cewa Dabo abokin Kawu ne. Aka tuna an ga buhun masara ya shiga gidan Kawu alhali ba a biya albashi ba. Wasu har suka ce sun ga sabon tabon walda a jikin kejin. Iyaye suka fara cewa a sauke shi daga makarantar.

Inna ce ta tura ni in duba kwamfutar, tun da na yi karatu a jami'a. Ban so ba. Gaskiya ni ma buhun nan ya tsaya mini a rai.

Ranar Asabar da hantsi na tarar da 'yan kwamiti a ofis, Kawu na tsaye a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su. Na bayyana wa shugabansu, Alhaji Badaru, cewa ba sai an yanka keji ba kafin a san ko rumbun na nan. Akwai shafin saiti da ake kira BIOS, wanda ke nuna duk abin da ke cikin na'urar. Amma ana shiga ne kawai a daƙiƙun farko bayan an kunna, da danna maɓallin F2.

Aka tayar da janareta. Sikirin ɗin tsoho ne, yana jinkirin haskawa, kafin ya nuna komai damar ta wuce. Na kashe, na sake kunnawa, na shiga danna maɓallin tun fuskar na baƙa.

"Tsaya, tsaya!" in ji Alhaji. "Me kike bugawa a duhu?"

"Maɓalli ɗaya ne, Baba."

"Ɗaya? Na ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana sussukar gero. 'Yar yayarsa ce fa," ya ce da sauran. "Wa ya san abin da ya koya mata?"

Kawu bai ɗago kai ba. Na ja da baya, na ce to Alhaji ya danna da hannunsa.

Ya zauna, ya naɗe hannun riga. Na kunna. Ya yi bisimilla a tsanake, ya ƙara da salati, ya jira haske, sannan ya taɓa maɓallin sau ɗaya a hankali. Layin Turancin nan ya sake fitowa.

"Kun gani ko?" in ji wani daga baya. "Fanko ce."

"Mai fa yake sha," in ji mai janareta ta taga.

Na ce, "Baba, ka yi addu'ar kafin in kunna. Ina kunnawa ka yi ta dannawa, kamar kana buga ƙofar mai nauyin barci."

Wani ya yi dariya. Alhaji ya harare shi, amma ya yi yadda na ce. Sai shuɗin shafi ya buɗe. Kwanan watan da ke sama ya koma shekarun baya sosai, alamar ƙaramin batirin ciki ya mutu, saitin ya rikice. A ƙasa kuwa ga sunan rumbun nan da girmansa. Na nuna da yatsa ban taɓa komai ba. Na faɗa wa Alhaji inda zai danna ya mai da rumbun ya zama wurin farko da za ta nema in za ta tashi. Kwamfutar ta tashi, takardun jarrabawa suka bayyana.

Alhaji ya yi gyaran murya.

"To, Malam, dama bincike ne. Ba wanda ya ce kai ne."

"Haka ne, Alhaji," in ji Kawu.

Ya ci gaba da koyar da lissafinsa, iyaye suka bar maganar. Amma tun daga ranar bai ƙara kunna kwamfutar shi kaɗai ba. Duk sanda zai buga jarrabawa, sai ya aika a kira ɗan kwamiti ya zauna kusa da shi har ya gama, ko da mutumin yana tsakiyar ban-ruwa a gona.